Kular Kwamanda

Shafi na 19

Masu tambaya tun jiya ko Malama ta kai yaron asibiti, ta kai. Wadda ta ce in daina ja mata rai kuma, na ji. Ku gyara zama.

*

Nas ta sauke Kwamanda daga kan sikeli, ta dubi lambar, ta sake mayar da shi.

Yaron bai yi kuka ba. A da, in baƙon hannu ya taɓa shi sai duk ɗakin ya san ya zo. Sunan ma a nan ya samo shi, don tun bai iya magana ba yake nuna wa manya inda za su zauna. Yau kuwa inda aka ajiye shi, nan ya zauna.

"Shekararsa nawa?"

"Biyu da 'yan watanni."

"Ke ce uwarsa?"

"Ni ce."

Nas ta shafa kansa. Gashi ya biyo tafin hannunta, siriri, ya yi ja-ja. Ta cire masa takalmi, ta danna saman ƙafarsa da babban yatsa, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, sai a hankali ya taso.

Malama ta ga gurbin. Ita duk kwanakin nan ta ɗauka ƙiba ce ta fara masa daga ƙafa.

"Me yake ci?"

Wannan tambayar ba ta tsoronta. Ta gyara zama kamar a gaban ajinta.

"Kullum kafin in tafi makaranta nake haɗa masa kula. Dafaffen ƙwai ba ya fashi. Shinkafa da wake, wata rana kifi in cire masa ƙaya, wata rana nama in niƙa. Ga madararsa a gora."

"Yana cinyewa?"

"Tas. A wanke ma kular take dawo min."

"Ke kike ba shi?"

"Kakarsa. Uwar mijina. Bene ɗaya muke, ita a ƙasa mu a sama."

"Da yamma fa, in kin dawo?"

"Ba ya ci sosai. Ya ɗan taɓa ya kau da kai. Na ce ai ya ƙoshi ne da rana."

"Ranar da ba aiki?"



"Shayi yake nema da biskit. In na hana, ya yi ta birgima. Na ɗauka rigimar yara ce."

Nas ta mayar wa yaron takalminsa, ta ɗaure igiyar, sannan ta ɗago.

"Malama, ni ban san abin da ke shiga kular nan ba. Na dai san abin da ke shiga yaron nan. Cikinsa na cika, jikinsa ba ya samu. Sukari da fulawa suna kashe kukan yunwa, amma ba sa gina tsoka, ba sa yin jini. Abincin gina jiki ne ya yi masa ƙaranci. Kuma yaro kamar wannan ba tuli yake buƙata ba. Ƙwai ɗaya, kofin madara, ɗan wake ko ɗan kifi, a rarraba masa cikin wuni. Da rabin abin da kika lissafa yana shiga cikinsa, da ba mu ga wannan ƙafar ba."

"Ƙarya kike ganin na yi?"

"Ban ce ba. Yau a ɗebi jininsa, gobe da safe likita zai gan shi. Kuma kada tsoro ya sa ki je ki ɗura masa lokaci ɗaya. Kaɗan-kaɗan, akai-akai. Ki rage shayin nan."

Malama ta ɗauki ɗanta. Sai a lokacin ta lura hannu ɗaya ya ishe ta.

*

Niyyarta da safe ita ce in sun dawo ta miƙa shi wurin Inna, kakarsa, ta wuce ta kama darasin rana. A bakin bene ta ciro waya ta gaya wa shugabar makaranta yau ba za ta shigo ba. Ba ta ba da dalili ba, ita ma ba a tambaye ta ba.

Ta ƙwanƙwasa.

Inna ta buɗe da fara'arta ta kullum.

"Oyoyo maigidan! Haka ake yi? Ka fita tun safe ba ko sallama, ka bar matarka da tagumi?"

"Asibiti muka je, Inna. Na faɗa muku da na kawo kula."

"Haka ne, haka ne. Asibiti."

Ta karɓe shi ta zaunar a kan darduma. Ta jawo filas, ta tsiyaya shayi a kofinsa. Cokalin sukari ya yi ta zuwa yana dawowa har Malama ta daina bin sa da ido. Ta ɓare biskit ta jiƙa. Kwamanda ya miƙa hannu biyu, irin miƙawar wanda ya san tsarin gidan.

"Inna, bari in fara ba shi abincinsa. Ina kular?"

"Wace kula?"

"Wadda na kawo da safe."

Inna ta dubi kan tebur, ta dubi bayan ƙofa. 

Malama ce ta hango ta. Tana saman kabad, an naɗe ta da tawul, an ɗora filo a kai don kada ta huce. Ta miƙa hannu.

Sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu.

Tun da ta shigo gidan nan Inna ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. 'Yata take kiranta. Ita ta yi jinyarta da ta haihu, ita ta ce kada a kai yaro gidan raino tana raye.

"Ajiye."

"Inna, abincin Kwamanda ne."

"Na Auta ne. Yanzu za a taso su. Yaron nan da yunwa yake dawowa, ƙafa duk datti."

Mutum ɗaya Inna ke kira Auta a duniya. Shi ne mijin Malama, wanda unguwa ke kira Injiniya, mai shagon gyaran firji, mai furfura a gemu.

"Daga ina zai dawo, Inna?"

"Daga makaranta mana."

Inna ta saki hannun. Ta ƙura mata ido, ta dubi jakarta, ta dubi takalminta.

"Ke ba malamarsu ba ce? Wani abu ya yi?"

Malama ta sauke hannunta daga kabad.

"Bai yi komai ba."

"To madalla. Ki riƙa haƙuri da shi. Lissafi ne ba ya shiga kansa, amma yana da hannu. Rediyon babansa ma shi ya gyara."

Ta koma kan darduma ta ci gaba da ba yaron biskit. Can ta ɗago, fuskarta ta washe.

"A'a, 'yata! Yaushe kika shigo? Yau ba aiki?"

"Ba aiki, Inna."

"To zauna mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Malama ta zauna. Ta tuna ranar da aka tsinci makulli a cikin firji, aka yi ta dariya. Ta tuna ranar da Inna ta zuba gishiri a shayi ta ce kamfanin sukari ne suka lalace. Ita ma ta yi dariya ranar.

Ta hau sama ta ɗauko ƙwai, ta dafa a kicin ɗin Inna, ta murje shi cikin madara. Ta shige uwar ɗaka da yaron ta saki labule. Ya kau da kai, ya ture cokali, ya yi kukan shayi. Ba ta matsa masa ba. Ta jira, ta sake miƙawa. Abin da ya karɓa bai kai rabin ƙwan ba, barci ya ɗauke shi a kan gadon kakarsa.

Ta zauna a bakin gado.

Abu ɗaya ya rage mata ta gane. Kula tana dawowa a wanke. Wanda ke hauro da ita kullum, da yaro a kafaɗa, mijinta ne, don ya riga ta tashi daga aiki.

Ba ta kira shi ba. Ta jira.

*

Bayan la'asar ta ji tsayuwar babur ɗinsa.

"Ga Auta, ga Auta!" in ji Inna daga falo. "Cire takalmi. Je ka wanke hannu."

"Na dawo, Inna."

"An dake ka yau?"

"Ba a dake ni ba."

"Ka ci lissafin?"

"Na ci."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Zauna."

Malama ta ɗaga gefen labule.

Injiniya ya zauna a kan darduma da rigar aikinsa mai tabon mai, ya tanƙwashe ƙafa. Ba a nuna masa wuri ba, ya san wurin. Inna ta sauko da kula, ta warware tawul. Ta ɓare ƙwan da hannunta, ta raba biyu, ta sa masa a baki. Ya tauna. Ta tura masa shinkafa da wake, ta tsince masa kifin tana ajiyewa a gefen da yake ci. Da ya gama ta miƙa masa gorar madara, mai hoton ɗan zomo a jiki.

Ya shanye.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "Ka ga har ka fara kumatu."

Malama ta bari ya gama. Ta bari ya tattara kula ya nufi kicin. Sannan ta fito, ta wuce Inna da ke naɗe darduma, ta bi shi, ta tura ƙofar kicin ta rufe.

Yana tsaye a bakin famfo, ya ba ta baya, kumfa a hannunsa.

"Da daɗi?"

Murfin kular ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa.

"Yaushe kika dawo?"

"Na ce da daɗi? Gishiri ya ji? Don in san yadda zan riƙa yi maka."

"Maman Kwamanda..."

"Kifin ma na cire ƙaya. Ka ga ba ka sha wahala ba."

Ya kashe famfo. Bai juyo ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"An ɗan jima."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Tun lokacin da na ce miki na kai ta a duba mata ido."

"Ba ido ba ne."

"Ba ido ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya ce mantuwa ce irin wadda ba ta komawa baya. Sai dai a rage mata gudu."

"Yayyenka sun sani?"

"Ba wanda ya sani."

"Sai kai."

"Sai ni."

Ya juyo. Akwai ɗan gwaiduwa a gemunsa. Malama ta gani, ba ta gaya masa ba.

"Da farko ba haka ba ne," ya ce. "Takan ba shi ya ci, ta rage min kaɗan. Na ce wannan ba komai. Daga baya ta koma rabawa biyu. Daga baya kuma sai in tarar ba a ma buɗe ba."

"Sai ka buɗe."

"Na ƙi ci sau ɗaya. Wallahi na ƙi. Na ce Inna wannan na jikanki ne. Ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, wai wani ya ba ni abinci a hanya na raina nata. Ranar ba ta sa komai a bakinta ba har gari ya waye. Ke ba ki gani ba."

"Ban gani ba. Ba a nuna min ba."

"Na ɗauka yana ci a wurinki da yamma."

"Kana zaune yake ture cokali. A gabanka nake cewa ya ƙoshi a wurin Inna. Me kake ce min?"

Ya tsamo murfin kular daga cikin ruwa.

"Me kake ce min, Baban Kwamanda?"

"Ina cewa haka ne."

"Kana cewa haka ne. Kai kuma in na zuba maka sai ka ce cikinka ba daɗi. Har jiƙon magani na yi maka."

Ta jingina da ƙofa. Muryarta ba ta tashi ba, irin wadda take karanta sakamakon jarrabawa da ita ce.

"Yau nas ta danna ƙafar ɗanka da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Gashinsa yana bin hannu. An ɗebi jininsa bai yi kuka ba. Ka san Kwamanda da allura. Ta tambaye ni me yake ci, na zauna ina jero mata ƙwai, wake, kifi, ina wani ɗaga kai. Tana kallona kamar maƙaryaciya. Ashe ita ce mai gaskiya."

"Me likita ya ce?"

"Gobe zai gan shi."

"Zan zo."

"Ka zo. Kai za ka fi ni sanin amsar tambayoyin."

Ya share hannunsa a jikin riga, ya sake sharewa.

"Ina saya masa madarar kwali a hanya," ya ce. "Kusan kullum. Ina ba shi a matakala kafin mu hau."

"Yana sha?"

"Wani lokaci."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Da kin ɗauke shi."

"Da na ɗauke shi."

"To kin gani." Ya matso. "Shi kaɗai ne ba ta taɓa ruɗewa a kansa ba. Ni ta mayar da ni yaro. Yaya Babba ya kira a waya, ta ce wane ne. Ke ma akwai ranar da ta ja ni gefe ta tambaye ni wace ce matar nan mai kawo kula. Amma shi, ko daga barci ta tashi ta san shi. Don shi take wanka, don shi take buɗe taga. In aka raba su, me ya rage mata? Likita da kansa ya ce a bar ta da abin da ta saba."

"Likita ya ce a bar mata yaro ɗan shekara biyu, su biyu, daga safe har la'asar?"

Ya kau da kai.

"Da murhun gas a gidan? Da filas na tafasasshen ruwa?"

"Ban gaya masa akwai yaro ba."

"Wankin kular fa? Shi ma likita ne ya rubuta maka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da ka hauro min da ita yadda take ko sau ɗaya, da na gane. Ba sai ka yi magana ba ma. Amma ka tsaya a nan kullum, ka sa sabulu, ka goge, ka miƙo min kana cewa yau Kwamanda ya yi ƙoƙari."

"Uwata ce."

"Na sani. Ni ma ba a titi aka tsince ni ba."

"Ba ki san yadda ake ji ba, ta sa miki abinci a baki tana tambayarki ko an dake ki. Rabon da ta dube ni haka tun ina ɗan aji uku. In na zauna a wurin nan, ita lafiyarta ƙalau. Tana dariya. Ni kuma..."

Bai ƙarasa ba.

Malama ta dube shi.  Ta bar maganar a wurin.

"Ka saurare ni," ta ce. "Ba ni da faɗa da Inna. Inna ba ta da lafiya. Kai ne lafiyarka ƙalau. Daga gobe Kwamanda yana wurin yayata har in samo mai raino. Da yamma zan riƙa sauko da shi ya zauna da kakarsa, ina wurin. Kula kuma zan riƙa haɗa biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta Auta, tunda haka take so. Ka ci abinka. Amma yau, ba gobe ba, za ka kira yayyenka ka gaya musu. Inna ba za ta ƙara wuni ita kaɗai ba."

"Yaya Babba zai ce a ɗauke ta a kai gidansa. Ba ta san gidan ba, za ta ƙara rikicewa."

"Sai ku yi wannan maganar a tsakaninku. In ba ka kira ba, ni zan kira."

"Ki ba ni mako ɗaya."

"Na ba ka watanni ban sani ba."

Ta juya ta kama hannun ƙofa.

"Ki bar shi ya ƙarasa barcinsa," ya ce.

"Zai ƙarasa a sama."

Ta buɗe.

Falon ba kowa. Darduma a naɗe a jikin bango, filas a kan tebur.

"Inna?"

Ta ɗaga labulen uwar ɗaka. Gurbin kan yaron yana nan a kan filo. Yaron ba ya nan. Takalmansa ma ba sa nan.

"Inna!" in ji Injiniya daga bayanta. Ya tura ƙofar banɗaki, ya leƙa bayan kabad kamar mutum zai iya shiga wurin.

Ƙofar waje a buɗe take.

Malama ta fita ba takalmi. Ta dubi matakala, ta dubi inda ake ajiye babura. Titi cike yake da masu tashi daga aiki, motoci na ta ƙaho. Ta duba dama, ta duba hagu.

Mai kantin da ke jikin benen yana auna wa wata mata sukari.

"Ka ga Inna?"

"Inna? Yanzu kuwa ta wuce da ɗan maigidan nata a kafaɗa. Har na yi mata tsiya na ce yau ina aka nufa da kwalliya haka."

"Ta ina ta bi?"

"Ba ta bi ko'ina ba, bas ta tsayar. Ta ce sun makara, za ta kai yaro makaranta." Ya ɗago yana dariya, sai ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya. "Na ɗauka wurinki za su, Malama."

"Wace bas?"

"Wallahi ban duba ba. Fara ce dai."

Malama ta juya. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa, ragowar kumfa ta bushe a hannunsa.

"Wace makaranta ka yi?" ta ce. "Ina take? Hau babur mu je."

Bai motsa ba.

"Baban Kwamanda, ina makarantar take?"

"Ba a garin nan take ba."